Kafin a ɗora wa faifan DVR laifi

A shagunan Matameye, idan na'urar naɗar hotunan kyamarar tsaro ta fara ƙara tana nuna matsalar faifai, sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau. Wutar NIGELEC ta ɗauke ta dawo har adaftar volt 12 ta raunana, ta kasa juya faifan, sai a ji yana ƙas-ƙas. Don haka a fara da canja adafta, a zare wayar SATA, a kakkaɓe ƙurar hunturu, a mayar. Wasu masu gyara kan ce a yi fomatin kawai. Wani lokaci ƙarar kan tsaya, amma duk abin da aka naɗa ya tafi ke nan, kuma in adafta ce matsalar, gobe ma za ta dawo. In faifan ya mutu da gaske, a sayi irin WD Purple, wanda aka ƙera don naɗar dare da rana.