Ba Nijar ce ta shanye mana wuta ba

A rumfar wani mai cajin waya a Ruwan Godiya, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takardar sunan mai ita, janareta na ruri a baya, na ji wani dattijo yana cewa da za a daina sayar wa Nijar wuta da tuni mun huta. Maganar nan tana damuna, domin an riga an gwada. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta katse wa Nijar lantarki, ba ta mayar ba sai Maris 2024. Wata bakwai cur, amma masu injin niƙa a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba su huta da sayen man dizal ba.

Abin da ake tura wa Nijar da Benin da Togo a haɗe, hukumar kula da lantarki ta NERC ta ƙayyade a 2024 kada ya wuce kashi 6 cikin 100 na wutar da ke kan babban layi. Tukunyar ce ƙarama tun asali. Duk tashoshinmu, har da Kainji da Jebba da Shiroro, abin da suke ɗorawa kan babban layi yawanci megawat 4,000 ne zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Madatsa guda a kan kogin Yangtze na ƙasar Sin tana iya ba da 22,500. Afirka ta Kudu ba ta kai sulusinmu yawa ba, amma wutar da take samarwa ta ninka tamu fiye da sau biyar.

In aka raba tamu kan kowa, mutum zai tashi da kimanin yunit 150 a shekara. Wato ƙwan fitila guda mai wat 60, awa bakwai kullum, shi ke nan. Babu firji, babu fanka, balle injin walda. Rabon Ba'amurke ya kai wajen 12,000. Kwanon tuwo ɗaya ne aka ajiye wa gidan biki, mu kuma muna ta harara kan lomar da maƙwabci ya ɗauka.

Da ma a ce wannan zafin kai muke nuna wa masu riƙe da harkar. Tashar samar da lantarki da iska ta Lambar Rimi, megawat 10 kacal, tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ake maganarta. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana da kwanaki a duhu, domin hanyoyin da ke kawo mana wutar ba su taka kara sun karya ba.