3.4 Daidaita Gudu Tsakanin MAC da PHY a Direbobin Ethernet na Linux

Katin Ethernet ya ƙunshi sassa biyu masu aiki daban. Akwai MAC, wanda shi ne ke shirya bayanai ƙunshi-ƙunshi, ya liƙa musu adireshi, ya miƙa. Akwai kuma PHY, wanda ke karɓar waɗannan ƙunsosa ya mayar da su siginar lantarki da za ta bi waya. Tsakanin su biyun akwai wata gajeriyar hanya a kan allon na'ura, wadda a nan za a riƙa kira mahaɗin ciki, don a bambanta ta da wayar da ke fita waje. Ke nan gudu biyu ake da su a kowane kati: gudun waya da gudun mahaɗin ciki. Direba, wato ɗan shirin da ke tsaye tsakanin tsarin gudanar da kwamfuta da katin, shi ne ke da alhakin sanin kowannensu. An daɗe ana rubuta direbobi bisa zaton cewa gudun nan biyu abu ɗaya ne. Wannan sashe zai nuna inda zaton ya samo asali, da inda ya gaza, da kuma abin da ake yi idan ya gaza.

3.4.1 Yadda Ake Tsayar da Gudun Waya

Gudun waya ba direba ke yanke shi ba. PHY ɗin wannan gefe da na wancan gefe su ne ke yin ciniki a tsakaninsu, bisa ƙa'idar da ta zo a sashe na 28 na IEEE 802.3u a shekarar 1995. Kowane gefe yana aika jerin bugun lantarki mai ɗauke da bit 16, yana bayyana irin gudun da zai iya, sai a ɗauki mafi girman wanda duka biyun suka yi tarayya a kai. Aikin direba a nan kaɗan ne. Yana rubuta abin da katin zai tallata a rijista ta 4 ta hanyar layin MDIO, ya karanta abin da abokin haɗi ya tallata a rijista ta 5, sannan ya duba rijista ta 1 don ya ga ko haɗin ya tsaya. A gudun megabit 1000 na 802.3ab, wanda ya fito a 1999, rijista ta 9 da ta 10 sukan shigo cikin lissafin. A Linux, ɓangaren da ake kira phylib shi ne ke wannan dube-dube, sau ɗaya a kowace daƙiƙa idan PHY ba ya da layin da zai sanar da kansa.

Da zarar an gama ciniki, sai phylib ya sanar da direban MAC, shi kuma ya juya MAC zuwa wannan gudun. A tsofaffin mahaɗai wannan ya wadatar, domin mahaɗin ciki yana bin waya sawu da ƙafa. A RGMII, misali, agogon mahaɗin yana buga megahaz 125 a gudun 1000, ya sauko 25 a gudun 100, ya sauko 2.5 a gudun 10. SGMII na kamfanin Cisco ya bi wata dabara: layin ba ya sauya gudu, yana nan a gigabod 1.25, amma ana maimaita kowane bayit sau 10 a gudun 100, sau 100 kuma a gudun 10. Ko ta wace hanya aka bi, abin da MAC ke zubawa daidai yake da abin da waya ke iya ɗauka. Daga nan zaton ya samo asali, kuma a zamaninsa zato ne ingantacce.

3.4.2 Inda Zaton Ya Gaza

A shekarar 2016 ƙa'idar 802.3bz ta kawo gudun gigabit 2.5 da gigabit 5 a kan wayar tagulla. PHY guda ya zama yana iya magana da gudu huɗu ko biyar, amma mahaɗan cikin da ake haɗa shi da su ba duka ke iya saukowa ba. Mahaɗin 2500BASE-X yana tafiya a gigabod 3.125, na 10GBASE-R kuma a gigabod 10.3125, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da dabarar maimaita bayit irin ta SGMII. Wasu PHY, kamar 88X3310 na Marvell, sukan kauce wa matsalar ta hanyar sauya nau'in mahaɗin ciki gaba ɗaya duk lokacin da gudun waya ya sauya. Sai dai wannan yana buƙatar MAC ma ya iya sauyawa, alhali a wasu alluna ana tsayar da yanayin mahaɗin tun lokacin kunna na'ura, ba ya motsi bayan haka.

A irin wannan allo, a ƙaddara mahaɗin ciki yana tsaye a megabit 2500, aka kuma soka wayar a tsohuwar na'urar rarraba layi mai gudun 100. Ƙunshi mafi girma na yau da kullum, mai bayit 1518, wato bit 12,144, zai fita daga MAC cikin kimanin mikrosakan 4.9, amma sai ya ci mikrosakan 121 kafin ya gama shiga waya. Kafin ɗaya ya wuce, 25 sun iya isowa. PHY yana da ma'ajiya da yake tara su, amma ƙarama ce. Idan aka ƙaddara girmanta bayit 16,384 ne, za ta cika cikin mikrosakan 55 kacal, abin da ya zo bayan haka kuwa zubar da shi za a yi. Ta ɗaya ɓangaren, wato daga waya zuwa MAC, babu wannan damuwa, domin PHY yana tara ƙunshin ya tura shi da sauri, ya cike giɓin da alamun zaman banza.

Kuskure iri biyu direba ke iya faɗawa a ciki. Idan ya bi tsohon zato ya juya MAC zuwa 100, MAC da PHY za su daina jin juna, ba abin da zai wuce ko da fitilar katin tana ci. Wannan yana da sauƙin ganowa. Na biyun shi ne mai wahala: direba ya bar MAC a 2500 amma bai tanadi abin da zai rage masa hanzari ba. A nan haɗi zai tsaya, umarnin ping zai amsa lafiya ƙalau, tun da ƙunshi ɗaya-ɗaya ba ya cika ma'ajiya. Sai an zo tura babban fayil ne TCP zai shiga sake aika abin da ya ɓata, yana rage gudunsa, har abin da ke wucewa ya faɗi ƙasa da abin da wayar ke iya ɗauka. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙididdigar MAC ba za ta nuna asara ba, domin a wurinsa ya miƙa komai. Ba mamaki mai gyara ya ɓata yini yana sauya waya, alhali wayar ba ta da laifi.

3.4.3 Hanyoyin Daidaitawa

Linux ya sami ɓangaren phylink a siga ta 4.14 a shekarar 2017, wanda ke kula da alaƙar MAC da PHY da mahaɗin da ke tsakaninsu. Da farko, idan mahaɗin 2500BASE-X ne, phylink yakan taƙaita abin da za a tallata zuwa gudun da mahaɗin ke iyawa, ta yadda haɗi da na'ura mai ƙaramin gudu ba ya tsayawa. A siga ta 6.1, wadda ta fito a watan Disamba na 2022, aka ƙara wa direban PHY damar bayyana irin daidaitawar da yake yi ta hanyar aikin get_rate_matching. An ware nau'i uku, ban da yanayin da babu daidaitawa sam.

Nau'in RATE_MATCH_CRS ya dogara da siginar da ke shaida wa MAC cewa layi a cike yake. PHY yana ɗaga ta, MAC ya ɗauka wani ne ke magana, sai ya dakata. Haka 10PASS-TS da 2BASE-TL na 802.3ah suke yi. A nau'in RATE_MATCH_OPEN_LOOP kuwa babu wata sanarwa, MAC ne da kansa ke tsawaita tazara tsakanin ƙunsosa bisa lissafi, kamar yadda aka tsara wa 10GBASE-W.

Wanda ya fi shafar misalin da aka kawo shi ne RATE_MATCH_PAUSE, wanda PHY na Aquantia ke amfani da shi. Ya aro saƙon dakatarwa na 802.3x, na shekarar 1997. Saƙon ƙunshi ne na musamman mai adireshin 01-80-C2-00-00-01 da lambar nau'i 0x8808, yana ɗauke da adadin lokacin da ake so mai aikawa ya yi shiru. Ana auna lokacin da ma'aunin tsawon bit 512, wanda a gudun 2500 ya kama nanosakan 204.8, kuma adadin bai wuce 65,535 ba, wato kimanin milisakan 13.4. An ƙirƙiri saƙon ne don abokin haɗi na can ƙarshen waya ya aiko shi, amma a nan PHY ne da kansa ke ƙirƙirarsa ya aika wa MAC ɗin da ke kusa da shi idan ma'ajiya ta doshi cika.

Wannan ya ɗora wa direba sharuɗɗa. Phylink yana barin MAC a cikakken gudun mahaɗin ciki, a yanayin aikawa da karɓa lokaci guda, ya kuma tilasta masa girmama saƙon dakatarwa ko da cinikin da aka yi da abokin haɗi bai ƙunshi haka ba. A fili yake cewa dakatarwar da aka yi ciniki a kanta da wadda PHY ke buƙata al'amura biyu ne, duk da cewa MAC ba ya iya bambanta saƙonninsu. Idan MAC bai bayyana cewa yana iya girmama saƙon ba, phylink ba ya buɗe ƙananan gudun ko kaɗan, kuma wannan shi ne hukunci mafi aminci, domin haɗin da ya ƙi tsayawa ya fi haɗin da ke zubar da kaya a ɓoye sauƙin bincike. Haka nan a siga ta 6.1 an cire yanayin karɓa-karɓa, wato wanda gefe ɗaya ke magana ɗayan na saurare, daga abin da za a tallata.

Gudun da ake nuna wa mai amfani ta umarnin ethtool shi ne na waya, wato 100 a misalin nan, ba 2500 da aka ba direban MAC ba. Saboda haka direban da ke lissafa rabon layi ko tsara jerin gwanon ƙunsosa bisa gudun da aka ba shi zai yi lissafi da 2500, alhali abin da ke fita waje kashi ɗaya ne cikin 25 na wannan adadi. Duk wani lissafi irin wannan dole ya ɗauki adadinsa daga gudun da PHY ya bayyana, ya kuma sake ɗauka duk lokacin da aka zare waya aka soka ta a wata na'ura.