Kwana Uku a Ofis, Biyu a Gida: Lissafin da Ke Bayan Tsarin Aikin Ma'aikatan Kuɗi na Birtaniya

Yau za mu ɗan ajiye maganar sababbin wayoyi, mu leƙa wani batu da ake ta jayayya a kansa a Birtaniya tun bayan annobar korona, wato kwana nawa ya kamata ma'aikacin gwamnati ya je ofis a mako, kwana nawa kuma zai yi aikinsa daga gida. Da farko mutum zai ɗauka maganar siyasa ce kawai. Amma idan aka bi ta a hankali za a ga cewa kusan duk rigimar tana tsaye ne a kan wata lamba da na'urori ke tattarawa a ƙofar ofis, kuma mutane da yawa ba su san me lambar take ƙirgawa ba.

Za mu ɗauki misali da hukumomi biyu. Ta farko ita ce Ma'aikatar Kuɗi, wadda suke kira Baitulmali, mai tsara kasafin kuɗin ƙasa. Ta biyu ita ce hukumar haraji da kwastam, HMRC, mai tara kuɗin shiga. Baitulmali ƙarama ce, ma'aikatanta kusan 2,000 ne. HMRC kuwa tana da ma'aikata sama da 60,000 a faɗin ƙasar.

Ma'aikata na ƙaruwa, gine-gine na raguwa

A shekarar 2016 ma'aikatan gwamnatin tsakiya ta Birtaniya sun kai wajen 384,000, adadi mafi ƙanƙanta tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan sai aikin ficewa daga Tarayyar Turai ya zo, korona ta biyo baya, aka yi ta ɗaukar sababbin hannu har adadin ya haura 510,000 a 2024. A 2022 gwamnatin Boris Johnson ta ce za ta rage guraben aiki 91,000, amma da Rishi Sunak ya hau sai ya jingine shirin. A watan Maris na 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ce za a rage kuɗin tafiyar da ma'aikatu da kashi 15 cikin 100 kafin ƙarshen wannan shekaru goman. Tun a 2024 kuma gwamnatin ta yi alkawarin ƙara wa HMRC ma'aikata 5,000 masu bin diddigin haraji, saboda kowane ɗaya daga cikinsu yana shigo da kuɗin da ya fi albashinsa.

Gine-gine kuwa raguwa suke yi. A watan Nuwamba na 2015 HMRC ta sanar da cewa za ta rufe ofisoshi 137 daga cikin 170 da take da su, ta tattara ma'aikata a manyan cibiyoyi 13 a birane irin su Leeds, Manchester, Glasgow, Cardiff da Belfast. A watan Mayu na 2025 gwamnati ta ƙara sanar da rufe gine-gine 11 a tsakiyar Landan, inda hayar ofis ke da tsadar gaske. Ita ma Baitulmali ta raba kanta gida biyu. A kasafin kuɗin Maris na 2021 Sunak, yana ministan kuɗi a lokacin, ya sanar da buɗe reshe a Darlington, wani gari a arewa maso gabashin Ingila, tafiyar kusan awa biyu da rabi daga Landan a jirgin ƙasa.

Sakamakon haka shi ne a yawancin waɗannan ofisoshin babu wanda ke da teburinsa na kansa. Ka zo da laftof ɗinka, ka zauna inda ka samu ko inda ka kama tun jiya ta manhaja, ka tashi da yamma ka kwashe kayanka. An gina su ne da sanin cewa ba kowa zai zo rana ɗaya ba.

Dokar kashi 60

Lokacin korona yawancin ma'aikatan nan sun koma gida. A wannan halin ne HMRC ta haɗa tsarin biyan wani kaso na albashin mutanen da aka dakatar daga aiki. An sanar da shirin ranar 20 ga Maris 2020, shafin neman kuɗin ya buɗe ranar 20 ga Afrilu, wata ɗaya ke nan. Shirin ya tallafi guraben aiki miliyan 11.7, ya ci wajen fam biliyan 70. Masu goyon bayan aiki daga gida har yau da wannan suke kafa hujja.

Bayan annobar ta lafa sai 'yan siyasa suka fara ƙorafin cewa ofisoshi sun zama kufai. A watan Afrilu na 2022 wani minista, Jacob Rees-Mogg, ya zagaya ofisoshi yana ajiye 'yar takarda a kan teburan da bai tarar da kowa ba. A shekarar ce gwamnati ta fara wallafa alƙaluman cikar hedkwatar kowace ma'aikata, jaridu kuma suka mayar da su kamar teburin gasar ƙwallo. A watan Nuwamba na 2023 aka fito da ƙa'ida cewa ma'aikaci ya yi aƙalla kashi 60 cikin 100 na lokacin aikinsa a ofis, kwana uku ke nan cikin biyar. Da jam'iyyar Labour ta karɓi mulki, ta tabbatar da ƙa'idar a watan Oktoba na 2024.

Me lambar take ƙirgawa?

Nan ne abin ya shafe mu masu harkar kwamfuta. Ma'aikatu suna tattara bayanan ne ta hanyoyi huɗu: katin shaida da ake gogawa a ƙofa, shigar kwamfuta ko haɗuwa da waifai na ginin, manhajar kama tebur, ko ƙirga kai da hannu. Kowace hanya da nata gurbin. Katin ƙofa ya san ka shigo, bai san ko minti 20 ka yi ka fita ba. Manhajar kama tebur tana ƙirga wanda ya kama wuri bai zo ba. Waifai yana iya ganin mutum ɗaya sau biyu idan ya zo da waya da laftof, sai fa idan wanda ya rubuta tsarin ya ɗaure na'urorin da sunan mai su. Ma'aikatu biyu da ke amfani da hanyoyi daban ba za a kwatanta su kai tsaye ba.

Babban abin lura shi ne abin da ake rabawa da shi. Ana ɗaukar yawan mutanen da suka zo ne a raba da yawan mutanen da ginin zai iya ɗauka. Ba a raba shi da yawan ma'aikatan ma'aikatar.

Bari mu ƙago misali don a gane. A ce wata ma'aikata tana da mutum 1,000 da tebura 600. Ranar Talata mutum 450 suka zo. Rahoto zai ce ginin ya cika kashi 75, alhali kashi 45 na ma'aikata ne kawai suka zo. Yanzu a ce an mayar wa mai gida bene ɗaya, tebura sun koma 500. Mutanen nan 450 ɗin dai su ne, babu wanda ya ƙaru, amma rahoto zai ce kashi 90. Minista zai iya cewa ma'aikata sun dawo ofis, alhali abin da ya faru shi ne an rage kujeru. Haka nan ma'aikatar da ke da tsohon gini mai faɗi za ta riƙa fitowa a ƙasan jeri ko da mutanenta sun fi zuwa.

Talata, Laraba, Alhamis

Mu ci gaba da misalin. Mutum 1,000 kowa kwana uku, ana buƙatar zama 3,000 a mako. Tebura 600 sau kwana biyar, shi ma 3,000 ne. A takarda ya yi daidai cif. Amma sai idan mutane sun rarrabu daidai wa daida a kan kwanakin biyar. A zahiri yawanci sun fi son tsakiyar mako, su bar Litinin da Juma'a. Idan kowa ya zaɓi Talata zuwa Alhamis, mutum 400 ba su da wurin zama a kowace rana cikin ukun, ranar Juma'a kuma ana biyan haya da wuta da ɗumama ɗaki ga kujerun da babu kowa a kansu. Masu hutu da marasa lafiya suna ɗan rage cunkoson, amma ba sa kawar da shi.

Duk wanda ya taɓa ɗora shafi a kan uwar garke ya san wannan matsalar. Ba matsakaicin baƙi ne ke kayar da shafi ba, lokacin da kowa ya rufto a tare ne. Mafita biyu ce: ko ka sayi ƙarin wuri da zai zauna banza mafi yawan lokaci, ko ka rarraba nauyin. A ofis rarraba nauyi yana nufin a ce wannan sashe ya zo Litinin zuwa Laraba, wancan Laraba zuwa Juma'a. To amma dalilin da gwamnati ta bayar na dawo da mutane shi ne su haɗu fuska da fuska, sababbin ɗauka su koyi aiki a wurin manya. Idan abokin aikinka yana Darlington kai kana Landan, ko ka je ofis a Microsoft Teams za ku haɗu, sai dai ka ƙara kuɗin jirgi da neman lungun da babu hayaniya.

Maganar tsaro

Ma'aikatun kuɗi sun bambanta da sauran wurare saboda abin da ke hannunsu: bayanan harajin miliyoyin mutane, da sirrin kasafin kuɗi wanda idan ya fita kafin lokaci kasuwanni za su motsa. Shi ya sa aiki daga gida a irin waɗannan wurare ake yin sa da laftof na hukuma wanda aka kulle ma'ajiyarsa da lambobin sirri, a haɗa shi da ofis ta VPN, a kuma nemi shaida ta biyu bayan kalmar sirri. Ayyukan da sirrinsu ya kai matuƙa a cikin gini kawai ake yin su.

Sai dai zama a ofis shi kaɗai ba ya hana ɓarna. A 2007, tun kafin aiki daga gida ya yaɗu, HMRC ta ɓatar da fayafayan CD biyu da aka aika ta masinja, ɗauke da bayanan mutum miliyan 25 masu alaƙa da tallafin yara, har da lambobin asusun banki. Shugaban hukumar, Paul Gray, ya ajiye aiki. Abin da ya gaza a ranar shi ne ƙa'idar wa ke da ikon kwafar bayanai da yadda ake aika su.

Abin da ya shafe mu

A nan gida ma an taɓa irin wannan. Daga 1 ga Disamba 2021 jihar Kaduna ta ce ma'aikatanta, ban da na makarantu da asibitoci, su riƙa aiki daga gida ranar Juma'a. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, jihohi irin su Kwara da Edo sun rage kwanakin zuwa ofis don sauƙaƙa kuɗin mota. Bambancin shi ne a Birtaniya fayil ɗin yana cikin kwamfuta, ma'aikacin yana da wuta da intanet a gida. Inda takardar biyan kuɗi ke jiran sa hannu da hatimi a kan tebur, ranar aiki daga gida takan zama ranar da takardar ba ta motsa ba, ɗan fansho ko ɗan kwangila kuma ya ƙara kwana yana jira.

Saboda haka duk lokacin da ka ga an ce ofis kaza ya cika kashi kaza, ka tambayi abu uku: da wace na'ura aka ƙirga, da me aka raba, kuma wace rana ce ta mako. Idan kuma kai ne aka ba aikin rubuta irin wannan manhajar, ka sa ta nuna yawan mutane da yawan tebura kowanne daban, rana-rana, kada ka dunƙule su a lamba ɗaya. Ko an amsa wayar mai biyan haraji, ko an biya shi kuɗinsa a kan lokaci, wannan wani ma'auni ne daban da katin ƙofa ba zai taɓa bayarwa ba.