Turaren Wardin Ɗa'ifa

Ɗa'ifa gari ne bisa duwatsu gabas da Makka, mai inabi da rumman. Can ake noman wardin da alhazai ke sayo turarensa. Da asuba ake tsinkar furen, domin in rana ta ɗaga ƙanshin ya gudu. A dafa shi cikin tukwanen jan ƙarfe, tururin ya huce, man ya taso bisa ruwa.

Farkon shaƙa kamar ɓawon lemun tsami, sa'an nan wardin ya bayyana, daga baya zaƙi irin na zuma ya zauna a riga. Babu giya cikinsa, malami ya shafa ran Juma'a ba waswasi. Amma fatake su lura, mai arha galibi gauraye ne. Na ainihi yakan daskare in sanyi ya tsananta.