Jan Ruwan Beljiyam Ba Zoɓo Ba Ne

Wani yaron unguwarmu mai harkar motoci ya dawo daga Burasels kwanan baya, ya zauna yana nuna mana hotuna a waya. Ga shi nan a unguwar Heyvaert, inda ake cinikin motocin da ake lodawa zuwa Kwatano, riƙe da kofi cike da jan ruwa, kumfa ta tasa a kai. Na ce, "Kai, wannan fa?" Ya ce, "Haba Kawu, zoɓon ƙasar ne, kriek suke ce masa, ruwan 'ya'yan itace ne kurum." Shi ne na uku da na ji wannan zance a bakinsa, kuma abin ya ishe ni.

Kriek giya ce. Uwarta ita ce lambik, wadda ake yi a kwarin kogin Senne da yankin Pajottenland, kudu maso yamma da Burasels. Akan dafa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama, a juye ruwan cikin wani faffaɗan kasko marar zurfi a can saman gini, a bar shi ya kwana yana shan iska. Ba a zuba masa yis, ƙwayoyin da ke yawo a iska ne ke faɗawa ciki, shi ya sa sai lokacin sanyi ake aikin. Duk wadda kunun zaƙinta ya taɓa kwana biyu a tulu da bazara ta san sauran labarin. Daga nan sai gangunan katako, shekara 1 zuwa 3, kafin a zuba 'ya'yan ceri masu tsami su sake ruɓa a ciki. Jan da ya ruɗi ɗan namu daga cerin yake. Ta gargajiya tana ɗauke da barasa kashi 5 zuwa 7 cikin 100, ita ma mai zaƙin ta kamfanin Lindemans tana da 3.5.

Inda ake tafka kuskuren shi ne a ɗauka harshe zai tona asirin barasa. Wai in babu ɗaci, babu maye. To masu dafa giya a Beljiyam gwanintarsu ke nan, ɓoye ƙarfi. Sukan ƙara sukari a tukunya, yis ya cinye shi ƙaf ya mayar da shi barasa, ruwan ya fito shar, babu kauri, yana ƙamshin ayaba da kanumfari. Giyar yau da kullum kashi 5 ce ko kusa da haka, amma Duvel 8.5 ce, Westmalle Tripel 9.5, Rochefort 10 kuwa 11.3. Kalmar Duvel ɗin ma ma'anarta shaiɗan, su da kansu suka raɗa mata. Masu cewa ai 'yan zuhudun Katolika ke dafa wasunsu, don haka magani ce, ban ga abin tsayawa a kansu ba.

Su can al'adarsu ce, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2016. A jikin kwalba dai ba wanda ya ɓoye maka komai. Kai da addininka ya hana ka, kai ne da aikin dubawa, kuma abin kunya ne mutumin da ke haddace lambar injin mota ya kasa karanta bayan kwalba.

Juya kwalbar ka nemi inda aka rubuta alc. da alamar kashi. Da waƙafi suke raba lamba, saboda haka 8,5 na nufin takwas da rabi. Ka ga bier ko bière, ko kriek, framboise, gueuze, tripel, ajiye. Wadda aka rubuta wa sans alcool ko alcoholvrij tana iya kaiwa 0.5, mai son kauce wa shubuha sai ya nemi 0,0. Akwai kuma tafelbier, wadda ake ajiyewa a teburin abinci kamar ruwan sha. Ƙarfinta kaɗan ne, amma giya ce. In ruwan 'ya'yan itace kake so, ce jus da Faransanci ko sap da Filamanci, a buɗe a gabanka.

Gidan abinci ma sai da tambaya. Dafaffen naman shanun da suke ji da shi, carbonnade ko stoofvlees, da giya ake yin romonsa, haka zomon da ake dafawa da gueuze, kuma wuta ba ta kore barasar duka. Yaron namu da na faɗa masa haka sai ya yi shiru, can ya ce wannan naman sau biyu ya ci.