Shahi Tukura: Yadda Indiyawa Su Ke Mai Da Kwantan Burodi Abincin Sarakuna

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani abin da na ke gani kusan kowace safiya yana ɓata mini rai. In mutum ya zaga bayan ɗakunanmu na kwana, sai ya tarar da gutsattsarin burodi cikin kwandon shara, ba don ya lalace ba, sai don kawai ya kwana ya yi tauri. Ga shi kuwa kowa ya san tsadar burodi, kuma kowa ya san yawancin alkamar da a ke yinsa da ita daga ƙasashen waje a ke sayo ta. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana muku wata dabara ta mutanen Indiya, wadda da ita su ke mai da irin wannan burodi abin marmari na ranar biki.

Sa'ad da aka tura mu gwajin aikin koyarwa, an saukar da ni kusa da gidan wata dattijuwa Ba'indiya, mutuniyar birnin Haidarabad, wadda mijinta ya ke aiki a wata masana'anta ta garin. Ran ƙaramar Salla ta aiko mini da kwano a rufe, ko da ya ke ta san ni Kirista ce. Da na buɗe na ga yankan burodi ja wur, sun nutse cikin madara mai kauri, an barbaɗa musu 'ya'yan itace. Na ɗanɗana, ban san sa'ad da na ga gindin kwanon ba. Da na mai da kwano na ce mata, "Mama, don Allah ki koya mini." Ta yi dariya ta ce, "'Yata, ki ajiye burodinki na yau, jibi ki zo da shi."

Sunansa da asalinsa

A Indiya ta Arewa da Fakistan ana kiran wannan abinci Shahi Tukura. Kalmar "shahi" ta fito daga "shah", watau sarki da harshen Farisa, "tukura" kuwa yanki ne. In ka haɗa su sai ka sami "yankin sarauta". Ana danganta shi da ɗakin girkin sarakunan Mugal, Musulmin nan da Sarki Babur ya kafa daularsu a Indiya cikin 1526, wadda ta daɗe har Ingilishi suka tuɓe sarkinsu na ƙarshe bayan tawayen 1857. Su ne suka yawaita dafa abinci da za'afaran da ruwan wardi da 'ya'yan itace irin na Farisa.

A Haidarabad kuwa akwai ɗan'uwansa da a ke kira Dabul ka Mita. Wannan birni an kafa shi cikin 1591, sarakunan da a ke kira Nizam suka mallake shi tun daga 1724 har 1948, yau kuma shi ne babban birnin jihar Telangana. "Mita" abu mai zaƙi ke nan. "Dabul" kuwa ya fito daga "dabul roti", sunan da Indiyawa suka ba burodi mai yis, domin in an kwaɓa shi yakan kumbura ya ninka. Gurasarsu ta kullum, watau roti ko capati, ba ta da yis, a kasko a ke gasa ta. A Haidarabad da wuya a yi bikin aure ko Salla ba a kawo Dabul ka Mita bayan shinkafar nan tasu ta biriyani ba.

Kayan da a ke bukata

Wannan awo zai ishi mutum 6. Na auna da gwangwanin madarar ruwa, ƙaramin nan da kowa ya sani, domin ba kowane gida ke da ma'auni ba.

1. Burodin da ya kwana 1 ko 2, yanka 6, kaurin kowane kamar ɗan yatsa.
2. Madarar shanu lita 1, watau kimanin gwangwani 6.
3. Sukari gwangwani 1, da kuma babban cokali 3 dabam.
4. Ruwa gwangwani 1.
5. Soyayyen man shanu kimanin gwangwani 1.
6. Ƙwayar ilaici 4, wadda Turawa ke kira kadamom.
7. Za'afaran ɗan mitsitsi, in akwai.
8. Yazawa ko gyaɗa soyayya, tafin hannu 1, da zabibi kaɗan.
9. Ɓarin lemun tsami.

Ku lura, madara na ce, ba nono ba. Nono da kindirmo suna da tsami, da sun ji wuta sai su tsinke. A Indiya da yawa da madarar ɓaunar gida su ke yi, wadda maiƙonta ya kai kashi 6 ko 7 cikin 100, alhali na saniya bai cika wuce kashi 4 ko 5 ba. Amma madarar shanunmu tana yi sarai muddin ba a surka ta da ruwa ba.

Za'afaran yana da tsada ƙwarai. Dalili kuwa kowane fure zare 3 kaɗai ya ke bayarwa, sai an tsinki fure wajen 150 da hannu kafin a sami giram 1. Yawancinsa daga Iran ya ke fitowa, Indiyawa kuma suna noma nasu a Kashmir. Wanda bai samu ba kada ya damu, launi da ƙamshi ne kawai aikinsa. Ilaici ma in ya faskara, a sa ɗan ɓallin kirfa. Su Indiyawa almon da fistashiyo su ke barbaɗawa, masu hali har da wata takardar azurfa mai laushi wadda a ke ci. Mu yazawa da gyaɗa sun wadace mu.

Aiki na fari: dafa madara

Da wannan a ke farawa domin shi ya fi cin lokaci. A sami tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, a ɗauraye ta, a bar ɗan ruwa a gindinta, sa'an nan a zuba madara. In ta tafasa sai a rage wuta ƙwarai. Za a ga yana tana taruwa a sama. A riƙa janye yanar nan da cokali ana manna ta a jikin tukunya, ana kuma motsa gindi a kai a kai don kada ya kama. Haka za a yi ta yi har minti 45 ko awa 1, sai madarar ta koma kashi 1 cikin 3 na yadda ta ke. Daga nan a kankare yanar da ke jikin tukunya a mai da ita ciki, a zuba sukari cokali 3, da ƙwayar ilaici 2 dakakku, da za'afaran da aka jiƙa cikin madara mai ɗumi. A bar ta minti 5 a sauke. Wannan madara mai kauri ita Indiyawa ke kira rabri.

Ga dalilin wannan wahala. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. In tana tafasa ruwan ne ke tashi ya zama tururi, maiƙo da sauran abin gina jiki su tsaya a tukunya. Tukunya mai faɗi ta fi sauri domin tururi ya fi samun wurin fita. Wanda ba ya samun madarar shanu ya yi da ta gwangwani, gama ita an riga an ƙone fiye da rabin ruwanta tun daga masana'anta. Gwangwani 3 da dahuwar minti 10 sun isa. Madarar gari ma tana yi, in an dama ta da kauri.

Aiki na biyu: ruwan sukari

A haɗa sukari gwangwani 1 da ruwa gwangwani 1 a ƙaramar tukunya, a sa sauran ilaici, a tafasa kamar minti 6 ko 7. A ɗigo kaɗan a faranti, in ya huce a taɓa tsakanin babban yatsa da manuni. In ya yi danƙo, yana neman jan zare guda, to ya yi. A matsa lemun tsami ɗigo 3 ko 4 a ciki, shi ke hana sukari komawa ƙanƙara in ya huce. A ajiye shi kusa da wuta, domin da ɗumi a ke aiki da shi.

Aiki na uku: suyar burodi

A yanke ɓawon gefe, a raba kowane yanka gida 2 daga kusurwa zuwa kusurwa. In burodin bai bushe sosai ba, a shanya shi a tire kamar awa 1, a rufe da rariya saboda ƙuda. Ɗanyen burodi yana da laushi da ruwa, yakan sha mai fiye da kima, kuma da ya shiga madara sai ya dagargaje. Busasshe kuwa yana riƙe jikinsa. Burodin Agege yana yi, amma tun da akwai sukari cikinsa yana saurin ƙonewa, sai a sa masa ido.

A narka man shanu a kasko bisa matsakaiciyar wuta. A jefa ɗan gutsure a gani: in ya taso yana ƙyas-ƙyas nan da nan, mai ya yi zafi. A soya yanka 2 ko 3 a lokaci guda, ana juyawa, har kowane gefe ya yi ja kamar ƙosai mai kyau. A tsame a ɗora bisa matsami mai ya tsiyaye. Cikin sauran man a ɗan soya yazawa da zabibi.

Haɗawa

A tsoma kowane yanka cikin ruwan sukari mai ɗumi, a ƙirga 1 zuwa 10, a juya, a sake ƙirgawa, a fitar. A jera su a faranti mai faɗi, a kwarara rabri a kai, a barbaɗa yazawa da zabibi. In an ci nan take, burodin yana da sauran ƙaras-ƙaras a ciki, wannan shi ne Shahi Tukura. In kuwa ana son irin na Haidarabad, sai a jera soyayyen burodin a tukunya, a zuba ruwan sukari da madara tare, a ɗora bisa garwashi kaɗan minti 10 zuwa 15, har burodin ya shanye duka ya yi laushi tuɓus. Ana cin kowannensu da ɗumi ko da sanyi.

Kuskuren da na yi

Da na koma gida hutun Kirsimeti na yi alkawari zan yi wa baƙinmu. Na sayi man shanu soyayye a kasuwa ban shinshina ba. Ashe irin namu ne wanda a ke soyawa da albasa don tuwo. Bayan wannan kuma na bar madara a wuta na tafi gaida baƙi, ta kama a gindi. Abin da ya fito, ga warin albasa ga ƙauri, ko ƙannena da ba sa ƙin kome sun ƙi shi. Babata ta dube ni ta ce, "Gaggawa aikin Shaiɗan." Lita guda ta madara da sukari da mai duk suka tafi a banza, kuma ba kuɗin sake saye a ran nan.

Don haka ina gargaɗinku, ku sayi ɗanyen man shanu ku soya da kanku ba albasa. A narka shi bisa ƙaramar wuta har kumfa ta kwanta, ruwan ciki ya ƙone, ƙasa-ƙasan ya yi ja a gindi, sa'an nan a tace da tsumma mai tsabta. Shi ne Indiyawa ke kira gi. Kuma in madara ta riga ta kama, kada a kankare gindin. A juye ta saman cikin wata tukunya maza, sau da yawa tana tsira. Ran sabuwar shekara na sake gwadawa, ban ɗaga daga gaban murhu ba, faranti kuwa ya komo ba ko ɗigo.

Abin lura game da lafiya

Burodin da ya yi tauri dabam ne da wanda ya yi fumfuna. In an ga tabo kore ko baƙi ko fari kamar auduga, a zubar da shi duka, gama saiwar fumfuna tana ratsa ciki inda ido ba ya gani. Ɗanyar madara kuma lalle ta tafasa sosai, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na wani zazzaɓi mai tafiya yana komowa. In an gama haɗawa, kada a bar shi a fili ya wuce awa 2 cikin zafin ƙasarmu. A firiji yana kai kwana 2. Inda babu firiji, a yi daidai wanda za a cinye. Kuma abinci ne mai yawan mai da sukari, su Indiyawan ma ranar biki su ke yinsa. Yanka 2 sun ishi babba, mai ciwon sukari kuwa ya nemi shawarar likita tukuna.

Amfaninsa ga malami

Mu da za mu fita koyarwa, ina ganin akwai darasi fiye da ɗaya cikin wannan tukunya. A ajin kimiyya yaro zai ga da idonsa yadda ruwa ke zama tururi. A ajin lissafi ya auna madara kafin dahuwa da bayanta, ya gane abin da a ke nufi da kashi 1 cikin 3. A ajin labarin ƙasa ya nemo Haidarabad da Kashmir da Iran a taswira. A ajin aikin gida kuma ya koyi tattali, ya kai wa iyayensa dabarar. Na gwada haka da 'yan ajina, kowane yaro ya kawo yankan burodi 1 daga gida, muka yi karo-karo na madara da sukari.

Ina roƙon 'yan kowane ɗaki su ajiye kwano mai murfi su riƙa tara burodin da ya ragu daga Alhamis zuwa Asabar. Burodin mutum 6 da gwangwanin madara 3 sun isa a yi faranti guda ran Asabar da yamma. Wanda ya gwada ya ci karo da wata matsala, ya same ni bayan darasi mu duba tare. Allah ya ba mu sa'a, amin.