Tokar da ke cikin Burj Khalifa

Kun san Burj Khalifa na Dubai, mai tsayin mita 828? To a kankarensa akwai tokar kwal, sharar tashoshin wutar lantarki. Ba rowar siminti ba ce fa. In siminti ya sha ruwa, yana sakin sinadarin farar ƙasa. Silikar da ke cikin tokar sai ta kama shi, ta toshe ƙananan ramuka, kankare ya ƙara ƙarfi, kodayake a hankali. Hayaƙin masana'antar siminti ma ya ragu.

Abin da ke ci min rai, buntun shinkafar da muke tarawa tsibi-tsibi bayan injina a Kano, tokarsa silika ce fal, in an ƙona shi bisa ƙa'ida. Mu kuwa wuta kawai muke cinna masa.